Rabin Kududdufin Da Na Sa Aka Cike

Edita, ni dillalin babura ne na hannu, haifaffen cikin birni, a wani lungu tsakanin Yakasai da Soron Ɗinki. Ban gaji komai ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanwarsa ce ta riƙe ni a gidanta na ƙasa da ke bakin kududdufin unguwarmu. Da wankin babur na fara har na kafa rumfa tawa. Lokacin da wannan abu ya faru na haura arba'in, kuma an san ni da iya haɗa mai saye da mai sayarwa. Wannan ya ja sama, wancan ya ja ƙasa, ni in ce kowa ya sassauto, a haɗu a tsakiya, a tafa. Da wannan hali na shiga harkar unguwa, kuma ya daɗe yana yi mini aiki. Ranar da samarin jam'iyyu biyu suka kusa fasa kawunan juna a kan bangon liƙa fasta, ni na raba musu bangon. Ban taɓa yankar katin kowace jam'iyya ba, shi ya sa da mai unguwa ya kafa kwamitin ci gaba aka ba ni shugabanci.

Sai ga wani matashin ɗan takara, mai baki kamar rediyo. Ya tsaya a kan mota ya ce wannan ruwa mai wari ba abin da yake haifarwa sai sauro, in ya ci zaɓe zai cike shi ya raba wa samari shaguna, kuma duk wanda ya ce a'a maƙiyin talaka ne da ya ƙoshi. Samari suka ɗauka da ihu, kuma ban ga laifinsu ba, na san zaman banza. A ɗaya ɓangaren akwai dattawa, jagoransu wani tsohon ma'aikacin gwamnati. Gaskiya ce a bakinsa, amma da raini yake faɗinta. Ya ce ba za a taɓa kududdufin kakanni ba saboda 'yan zaman kashe wando. Daga ranar aka daina gaisawa a masallaci.

Mutumin ya ci zaɓe, maganar ta zo gaban kwamiti, ni kuwa na yi abin da na saba. Na ce a cike rabi a yi shaguna, a bar rabi ga ruwa. Kafin a sa hannu, wani tsohon magini, abokin mahaifina, ya same ni a rumfa. Na ba shi kujera ya ƙi zama. Ya ce ruwan lunguna huɗu ne ke sauka a ramin nan, shi da hannunsa ya yi yaɓen gidajen da ke bakinsa, kuma rabi ba zai ɗauka ba. Na ce masa Baba a yi haƙuri, zaman lafiya ake nema. Ya dube ni ya ce in je in gaya wa damina haka. A nan laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba: na san gaskiya ya faɗa. Amma na ji daɗin yadda ɓangarorin biyu ke kirana mai sulhu, ban so in rasa ko ɗaya ba.

Aka cike rabin, aka gina shaguna a kai. Daminar farko ta zo da sauƙi, har ina yi wa mutane dariya. A ta biyu, wata Laraba bayan la'asar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya sauko bai sami wurin zama ba, ya juyo cikin lungu ya kwanta a gindin katangu. Gidaje uku suka zauna, har da na Gwaggo. Katangar ɗakinta ta same ta tana ƙoƙarin fitar da tukwanen kokonta, ta karya mata ƙugu. A asibiti ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Tambayata kawai ta yi, wai da muka gama cinikin namu, shi ma ruwan ya ce ya sallama?

Ko sati ba a yi ba kowa ya zo zawarcina. Mutanen zaɓaɓɓen suka ce in fito in ce dattawa ne suka hana a gina magudana, su kuma za su sake wa Gwaggo gini da bulo. Dattawa suka ce in shigo cikinsu a kori yaran nan gaba ɗaya, su san inda za su nufa. Duka na ƙi. A taron ƙofar gidan mai unguwa na miƙe na ce ni na kawo shawarar rabi, kuma shawarar banza ce. Na ce a kwashe ƙasar da aka zuba, duka, ba rabi ba, amma kada a taɓa shagon kowa sai an ba shi wani wuri, ko da za a fara da filin gaban rumfata ne. Samari suka yi mini ihu, wani ya ce Alhaji ya ƙoshi ya manta wankin babur. Tsohon ma'aikacin ya ce dama dillali ba shi da alƙibla. Aka cire ni daga kwamiti a zaman, kuma da yawa daga masu sayen babur a wurina suka sauya rumfa.

Har yau shagunan suna nan, Gwaggo tana gidana tana tafiya da sanda, kuma na ƙi tayar da katangarta domin ba zan mayar da ita bakin ruwan da ba shi da wurin zuwa ba. Ina bi gida gida da takardar koke. Masu shago biyu sun sa hannu, iyayensu mata a lungun suke kwana.

Masu cewa in zaɓi ɓangare su daina wahalar da kansu, ba zan zaɓa ba. Ban yi nadamar ƙin bin mai ihu ba, ban yi nadamar ƙin bin mai raini ba. Nadamata ɗaya ce, na ɗauka tsayawa a tsakiya shi ne raba kowace magana gida biyu. Bango yana rabuwa, farashi yana rabuwa, amma akwai maganar da amsarta ɗaya ce, kuma mai sulhu ne ya fi kowa wajabcin faɗinta, tunda shi kaɗai kowa ke saurara. Ina jan kunnen duk wanda unguwa ta ɗora a tsakiya: kafin ka ce a raba, tashi ka je ka duba wanda zai kwana a ƙarƙashin rabin da ka bayar. Nawa, matar da ta raine ni ce.