Ranar da Baba Ya Ƙetare da Ni Rafi

Safiyar wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji shida, ranar jarrabawar shiga sakandare. Na fito da fensir biyu da kayan makaranta a ƙulle cikin ɗankwali, sai muka tarar rafi ya cika ya batse, ruwan jawur, yana tafe da karare da rassan itace. A tsallake ake jarrabawar. Inna ta dubi ruwan ta ce, "Malam, a haƙura, baɗi ma shekara ce." Baba ya nufi bakin ruwa. Ya janyo masakinsa, wata ƙatuwar ƙwarya da yake fiton mutane da ita, ya ce, "Hau, ki ɗora kayanki a ka, kada ki dubi ruwa."

Rafin nan ba shi da suna, Rafi kawai muke ce masa. Daga duwatsun kudu yake gangarowa, ya raba ƙauyenmu da garin da kasuwa take, ya wuce ya faɗa babban kogi. Kakata ta ce a bakinsa fatake ke sauke jakunansu a da, kuma tun lokacin gidanmu ke fito. Da rani yashi ne zalla. Mu tona rami mu jira ruwa ya tsatso, mu cika tulu, mu yi wanki mu shanya a kan rairayi, sannan mu ɓalle da 'yar gala-gala har Inna ta aiko a kira mu. Maza na langa, ko su bi tarwaɗa cikin ragowar kududdufi, su dawo taɓo har kunne.

Amma ranar nan ba wasa. Baba yana iyo yana tura ni, ruwa na jan mu, har muka wuce lambun albasa da nisa. A tsakiya wani kututture ya doke shi a haƙarƙari. Na ji numfashinsa ya sauya, hannunsa dai bai saki masakin ba. Da muka kai gaɓa ya zauna yana tari, ya ce, "Tafi, kada ki makara." Na tafi da gudu, ban waiwaya ba.

Na ci jarrabawa. Shi kuma ya yi sauran daminar a kwance, mai ɗori na zuwa yana tafiya, ƙirjinsa bai sake komawa daidai ba. Bayan 'yan shekaru aka yi gada. Sai ya zama kullum da hantsi yana zuwa gindinta ya zauna, babura na wucewa ta samansa, masu wucewa na ɗaga masa hannu.

Yau ina ƙasar waje, ina aikin jinya a wani asibiti a garin Largo. Awa goma sha biyu nake a tsaye, in tuƙo mota zuwa gida a garin Bowie ƙafafuna a kumbure. Ina nan Baba ya rasu. Ta waya na karɓi gaisuwa, washegari na koma aiki. Ƙanena ya ce yanzu tifofi sun kwashe yashin, yara ma sun daina zuwa.

Akwai wani ɗan rafi bayan unguwarmu, da bencina da allon hana wanka. Ran Lahadi 'yata Safiya takan matsa mu je. Ta yi ta jifa da tsakuwa, in mata Hausa ta amsa da Turanci, masu yawo da karnuka su yi murmushi su wuce. Nakan zauna in cire takalmi, in ɗan huta. Wurin yana da kyau, ba laifi. Sai dai duk daɗewar da zan yi a bakin ruwan nan, babu mai zuwa ya tambaye ni ko 'yar gidan wa ce.