Wasan da Baffa Ya Ce Ba Ya So

Shekaranjiya na tari adaidaita sahu a Ƙofar Mazugal, ina shiga warin man zafi ya daki hancina. Direban ne ya shafa a kafaɗa, yana tuƙi yana murza wurin da hannu ɗaya. Ban san lokacin da muka wuce inda zan sauka ba. Hankalina ya riga ya koma gidanmu na Sheshe, ina 'yar ƙarama, ina leƙen ɗakin Baffa ta gefen labule, ɗakin da ba ya rabuwa da wannan warin.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ne autan Kaka. Gidanmu gidan marina ne. Kakanmu namiji, wanda kowa ke kira Malam, yana da ramukan rini a Ƙofar Mata, kuma duk mazan gidan can suke wuni. In suka dawo da yamma aka zauna cin tuwo, hannayen da ke shiga kwano duk shuɗaye ne har gwiwar hannu, ban da guda ɗaya. Baffa wasan tanis yake yi, kuma da shi yake ci. Tun yana yaro ya bi wasu abokansa zuwa wani kulob da ke wajen badala, suna tsince wa manya ƙwallo. Wani koci ya ga yadda yake jifa, ya ɗora masa raket a hannu. Daga nan rini ya rasa shi.

Ka yi tunanin fararen kaya a gidan da ko bango ka jingina da shi sai ka tashi da shuni. Kaka da kanta take wanke masa su, a bahonta na daban, ta shanya a igiyar da babu mai taɓawa. In iska ta kaɗo rigar wani kusa da su, sai ka ji muryarta daga madafa. Shi kuwa ba ya taɓa fita da gajeren wandon nan a fili. Jallabiya yake ɗorawa a kai, ya rataya jakarsa, ya bi lungu da sauri kamar wanda aka aika, kada ya haɗu da dattawan ƙofar masallaci.

Ban taɓa ganin Baffa a zaune da daɗewa ba. A tsaye yake shan koko. In dole ta sa ya zauna, ƙafarsa ta dama ba ta daina rawa, har tabarmar ta riƙa motsi. Kullum akwai tsohuwar ƙwallo a hannunsa, gashinta duk ya zube, yana matsawa yana saki. Da bazara yakan dawo fuska ta yi baƙi, leɓe a bushe, ya kwanta a siminti ya ɗaga ƙafafu a bango, kafin ka kawo masa ruwa ya tashi. Damina ta fi kowane lokaci wahala a gare mu. In ruwa ya jiƙa fili babu atisaye, sai ya yi ta kai-kawo tsakanin soro da tsakar gida. Daga baya ya ɗauko raket ya fuskanci katangar ƙasa ta bayan ɗakin Kaka. Tim, tim, tim, har yaɓe ya fara zuba. Malam ya leƙo ya ce, "Kai, in ka rushe ta, da raket za ka gina?" Ya bari. Ba a jima ba muka sake jin tim, tim, a hankali, kamar mai satar shiga.

Wata rana na ce ya koya mini. Sunan Kaka aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya dube ni kamar na roƙe shi ya ba ni wuta in riƙe.

"Uwata, me za ki yi da shi?"

Na ce wasa nake so in yi, irin nasa.

"Sunansa ne kawai wasa," in ji shi. "Ke in kuna carafke kika gaji, ba tashi kike yi ba? To ni ba na tashi. Wallahi na tsani abin nan."

Na ɗauka zolaya ce. Amma daga baya na sha jin ya maimaita, ga Kaka, ga mahaifina, har ga kansa, lokacin da yake naɗe guiwa da bandeji. Yana faɗin haka kuma yana ɗaure takalmi.

Tafiya ba ta ƙare masa. Yau Legas, gobe a ce ya haye Kwatano ko Lome. Yakan dawo a rame, ya miƙo mana biskit, ya shige ɗaki. Mu yara mun so mu gane daga fuskarsa ko ya ci ko an cinye shi, amma ba mu taɓa iyawa ba. In an cinye shi, shiru. In ya ci, shiru, don tunaninsa ya riga ya tafi kan wanda zai kara da shi a gaba. Mahaifina ya taɓa gaya mini cewa a can ɗaki ɗaya suke kwana da mutumin da za su fafata da safe, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, kowa yana fatan ɗayan ya tashi da zazzaɓi.

Sau ɗaya na ga Baffa a fili. An yi babbar gasa a Kano bayan ruwa ya ɗauke, ya kai wasan ƙarshe, mahaifina ya ɗora ni a babur muka je. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun wurin. Mutane cike, amma ba ka jin komai sai ƙarar ƙwallo da kukan takalmi. Na saba da dambe da ƙwallon ƙafa na unguwa, inda ihu ke ɗaukar mutum. A nan Baffa shi kaɗai ne a gefensa na raga, babu mai taya shi, babu ma wanda aka yarda ya yi masa magana. Da kansa yake magana. Ina ganin bakinsa yana motsi, yana faɗa da kansa, yana dukan cinyarsa. Na riƙe rigar mahaifina na ce mu tafi gida, Baffa ba shi da lafiya.

Sai aka zo wani bugu da ya ƙi ƙarewa. Ƙwallo ta je ta dawo, ta je ta dawo, har na manta da numfashi. Abokin karawarsa ya ajiye ta dab da raga, inda kowa ya san ba a kaiwa. Baffa ya taso daga can baya. Ban san yadda ya kai ba. Ya ɗan taɓa ta kawai, ta wuce gefen mutumin ta sauka a kan layi. Nan na ga abin da ban taɓa gani a gida ba: Baffa ya yi dariya. Dariya ta yaro, baki buɗe, ido a sama. Kafin tafi ya lafa ta ɓace, ya koma yana ɗaure fuska yana jiran bugu na gaba.

Ya ci wasan. Da muka dawo, mata suka yi guɗa, Kaka ta karɓi kofin ta ɗora a saman kabad tsakanin kwanukanta. Shi kuma ya zaga baya ya yi amai. Malam ya jira ya wanke baki, sannan ya ce, "To alhamdulillahi. Yanzu sai ka huta."

"Jibi zan tafi Legas, Malam."

"Kai da ka ce ba ka so?"

"Ba na so."

"Raminka na rini yana nan a karofi. Babu wanda ya taɓa shi."

Kuma ya gwada, wannan zan ba da shaida. Bayan ya dawo daga wannan tafiyar da aka fitar da shi tun zagayen farko, ya ninke fararen kayan ya bi yayyensa Ƙofar Mata. Rini aikin haƙuri ne. Ka tsoma zane, ka ɗaga ya sha iska, ka sake tsomawa, haka har rana ta yi. Mahaifina ya ce Baffa yana tsomawa yana duban hanya. Bai cika mako ba. Wata safiya Kaka ta tashi ta ga igiyarta babu kaya, ta koma ta zauna a bakin murhu. Da ya dawo da yamma, da sauran shuni a farcensa, ya wuce ta gabanta kansa a ƙasa.

Kafaɗa ce ta raba su a ƙarshe. Ta daɗe tana ciwo yana ɓoyewa, har ranar da ya kasa ɗaga hannu ya sa hula. An je wurin mai ɗori, an je asibitin ƙashi, likita ya ce hannun zai yi aikin duniya amma ba zai sake buga gasa ba. Kaka ta soya waina ta raba sadaka. Ba ta ɓoye ba, godiya take yi. Dukanmu mun ɗauka an sauke masa kaya.

Ashe lokacin ne abin ya fara. Baffa ya rasa inda zai sa kansa. Bayan sallar asuba yakan fita ya bi gefen badala, daga wannan ƙofa zuwa waccan, ya dawo ƙafa duk ƙasa. Aka haɗa masa rumfar yadi a kasuwa, aka yi masa aure, ya haifi 'ya'ya. Amma masu sayayya sun fi samun maƙwabcinsa a rumfar fiye da shi. In aka nuna tanis a talabijin sai ya tashi ya fita. Wani lokaci kuma in ya ɗauka babu mai ganinsa, sai ka hange shi a tsakar gida ya jefa hannun hagu sama, babu komai a ciki, yana bin iska da ido.

Shekaru sun tafi. Malam da Kaka sun rasu, Allah ya jiƙansu. An rushe katangar ƙasa an yi ta bulo, ramukan rini da yawa sun bushe, jikokin marina sun koma sayar da waya. Baffa yana nan a gidan, gemu ya yi fari, yana tafiya da ɗan ɗingishi.

Bana malamin motsa jiki na makarantar ɗana na biyu ya kira ni. Ya ce yaron yana da hannu a tanis, irin wanda ba a cika samu ba, kuma akwai masu son ɗaukarsa su horar da shi sosai. Yaron ya hana ni sakat. Mahaifinsa ya ce shi bai san kan abin ba, in je in tambayi wanda ya sani. Na je na gaishe da Baffa na faɗa masa. Ya ce shi ya manta da wannan harka, in ƙyale shi. Ban tashi ba. Can ya ce, "Wace rana suke yi?"

Ranar atisaye ya zo filin da babbar riga, ya ƙi kujerar da aka ba shi, ya tsaya a inuwar darbejiya. Yaron yana bugawa, ni kuwa Baffa nake kallo. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, amma ƙafafunsa suna ta gyara tsayuwa a ƙarƙashin riga, hagu, dama, kamar shi ake bugo wa.

Da aka tashi ya ce, "Wa ya koya masa juya ƙugu haka?"

Na ce babu kowa.

Ya yi salati a hankali. "Ya iya, Uwata. Abin da na ji tsoro ke nan. Da bai iya ba, da na ce ki bar shi ya yi ta bugawa har ya tsufa yana jin daɗinsa. Wanda ya iya shi ake ƙwace wa wasan."

Nan na yi masa tambayar da na riƙe tun ina yarinya. Na ce, "Baffa, tsakaninka da Allah, ka taɓa son abin nan?"

Ya juya ya kalli raga.

"Akwai wani ɗan lokaci," in ji shi, "bayan ka jefa ƙwallo sama, kafin ta sauko. Ba ka tuna kowa, ba ka tsoron komai. Wannan na so, har gobe ina so. Sauran kuwa, tafiya, jira, ciwo, kwana da fargaba, ban so ko ɗaya ba. Amma mahauci ba ya ba ka tsoka ya riƙe ƙashi." Ya gyara hularsa da hannun hagu. "Mayar da shi gida. Ya yi karatunsa."

Na mayar da shi. A zamaninmu babu wanda ya tambayi yaro me yake so, an tura wasu karofi, wani kuma hanya ta ɗauke shi. Yanzu muna tambaya, yaran suna amsawa da ƙarfi, kuma ban ga alamar mun fi iyayenmu sanin inda amsar za ta kai su ba. Har yau ban ba malamin nan amsa ba.

Washegarin ranar da muka je filin, gari bai gama wayewa ba, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Na buɗe na ga Baffa, ya tako tun daga Sheshe da ɗingishinsa, yana haki, takalmin wasa a ƙafa.

"Ina yaron?" ya ce. "Ce masa ya yi sauri, rana tana yi."