Ranar da Aka Auna Rijiyar Kakata

Duk sanda na murɗa murhun gas ya yi ƙyas-ƙyas kafin ya kama, sai gabana ya ɗan faɗi. Irin wannan ƙarar ce ta raba kakata da mutane.

A hannunta na tashi, a Kwandiko, shekarun da aka cire Jigawa daga Kano. Inna nake ce mata. Gidanmu na gindin dutse, mu biyu rak, amma ba mu san kaɗaici ba, domin rijiyarmu ba ta ƙafewa ko da bazara. Tun da hantsi matan unguwa suke cika tsakar gida da tuluna da hira, Inna na kan tabarma tana tsinkar zogale tana sa musu baki.

Farkon wata damina sai ga ma'aikata biyu a mota. Suka ɗebi ruwan kogi a kwalabe, suka tari na sama da mazurari, sannan mai unguwa ya rako su gidanmu. Babbansu ya ce akwai wani tururi da ido ba ya gani, yana fita daga wasu duwatsu ya shiga ruwa, shi suke aunawa. Ya kara wata na'ura mai kama da rediyo a bakin rijiya. A kogi, in ji waɗanda suka gani, jefi-jefi take ƙara. A gidanmu kuwa ta kama ƙyas-ƙyas ba tsayawa.

"Malam, lafiya dai?" in ji Inna.

"Kada ki damu, Inna. Sai an auna ruwan a Zariya za a sani. Za mu dawo."

Bai ce kada a sha ba. Amma matan sun ji da kunnensu. Washegari uku suka zo. Kafin Juma'a babu ko ɗaya. Ƙawata ta leƙo ta kan danga ta ce an hana ta shigowa gidanmu.

Inna ba ta yi fushi da kowa ba. Kullum sai ta share bakin rijiya, ta shimfiɗa tabarma biyu, da azahar ta naɗe ɗayar. Ni ta hana ni ruwan. Da damina ta jera kwanuka ƙarƙashin indararo, da rani ta tafi kogi da tulu saboda ni. Ita kuwa daga rijiyar take sha.

"Ni na riga na sha," ta kan ce.

Bayan girbi muka shiga mota zuwa babban asibitin Birnin Kudu da ruwan a kwalba. Wani ma'aikaci ya saurare ta cikin ladabi, ya ce ba su da abin auna irin wannan. Muka komo, kwalbar na kan cinyarta har gida.

Masu awon ruwan ba su dawo ba. Ina sakandare ta rasu, kawuna ya rufe rijiyar da kwanon rufi.

Na girma kafin wani malamin kimiyya ya gaya mini cewa na'urar kan yi haka kusa da duwatsu da yawa, ƙararta kaɗai ba ta nuna ruwa ya lalace. Wataƙila lafiyarsa ƙalau, wataƙila a'a. Har yau ban sani ba.

Yanzu unguwar na da famfo mai aiki da hasken rana, kowa ya tara ya wuce, ba mai zama. Bara na je, na tsaya a ƙofar kangonmu, na tambayi wata yarinya gidan waye wannan.

Ta ce, "Gidan rijiyar guba ne."

Ba ta ma san an taɓa yin wata tsohuwa a ciki ba.