Kawu ya gyara min inuwar Ƙofar Kaura

Jama'a, yau baki har kunne nake!

Wata huɗu ke nan ina haɗa ɗan gem ɗina na tseren babur a cikin Katsina. Na zana titin Ƙofar Kaura tsaf, amma duk wanda ya gani sai ya ce wajen bai yi kama da gida ba. 'Yan gurup ɗinmu na masu haɗa gem suka ce kwamfutata ce ba ta da ƙarfi. Saura kaɗan in haƙura da aikin.

Ɗazu ina zaure ina fama, sai Kawu Sale, da ke sai da goro a bakin titin nan, ya leƙo allon.

"Wane lokaci ne a cikin abin nan naka?"

Na ce, "La'asar ce, Kawu."

"La'asar? To inuwarka ƙarya take, ɗana. Tun ba a haife ka ba nake jan bencina ina bin inuwar wurin nan. Da la'asar gabas take kwanciya, kai ka jefa ta yamma."

Na juya ranar gem ɗin, na ɗan sunkuyar da ita. Wallahi sai ga Ƙofar Kaura ta fito sak!

Kawu ya nuna wani gefe da yatsa ya ce, "Yauwa. Nan za ka sa min bencina."

Na sa masa, har da faifan goron. Ga hoton nan a ƙasa. 'Yan Katsina, ku faɗa min gaskiya, kun gane gida?