Takardar fari masa

Mu huɗu ne a tsakar gida ran nan a Lamorde: ni, da ɗana na fari mai karatun tarihi a iniversite, da ƙanwar mijina, da wani jandarma Bazabarme mai furfura da ya shigo bayan azahar ba sallama.

Shekarar fari ce, soja na kan mulki, gero ya yi wuyar gani. Da sayar da fari masa, wato fanke, nake riƙe gidan, nakan soya a bakin hanya in naɗe wa mutane a takarda. Da takarda ta ƙare mini, sai na kwashi waɗanda ɗana ya tara a ƙarƙashin gado. Ban yi lakwal ba, ban iya karatu ba, duk takarda ɗaya ce a wurina.

Jandarman ya fiddo wata takarda, man suya ya jiƙa ta.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne," in ji ɗana.

"A nan an ce shugaba ya rufe majalisa, ya hana jam'iyyu. An ce mutane sun sa kayan soja sun shiga biro, har ofishinsa, sun harbe shi. Wane shugaba?"

Ƙanwar mijina ta fara salati.

"Na ƙasar Otirish ne, can Turai, kafin yaƙin duniya na biyu. Darasi ne aka ba mu," in ji ɗana.

"Ina Otirish ɗin a nan? Ni ban gani ba."

Na dubi ɗana. Na ce, "Rufe bakinka." Na tashi na ɗauko sauran takardun daga ƙarƙashin faranti, da littafin da yake kwafa, na dire gaban mutumin.

"Malam, ni na naɗa maka. Ga ƴan uwanta, karanta."

Ya tsuguna yana juyawa ɗaya ɗaya. Ya daɗe. Can ya tsaya kan hoton wani guntun Bature mai gashin tsuntsu a hula.

"Wannan ɗan mitsitsin?"

"Shi ne," in ji ɗana.

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "Inna, Allah ya so ku ni na sayi masar. Nawa kika naɗe?"

Ban sani ba. Kwana uku ina naɗewa.

Washegari da asuba na kwaso duk takardun ɗana, har mai kyaun da zai kai wa malaminsa, na hura wutar suya da su. Yana tsaye yana kallo, ban ɗaga kai ba. Ran nan a takardar buhun siminti na naɗe.