Ranar da Douwe Ya Tsayar wa Aukje da Fukafukai

Douwe Wiersma ya gaji injin niƙa mai fukafukai daga mahaifinsa, shi ma daga nasa uban. Muddin iska ta taso daga teku, shi ke niƙa wa ƙauyen hatsi, har burodin kanti ya zo ya kashe kasuwar. Da rufin ya fara yoyo, kwamitin ƙauye ya karɓi ginin ya gyara, aka bar masa makulli da aikin zagayawa da baƙi duk Asabar. Matarsa Aukje ke sayar musu da kofi a bakin ƙofa. Ba su taɓa haihuwa ba.

Aukje ta rasu a farkon bazara, aka sa jana'iza ranar Asabar. A al'adar ƙauyen, in an yi rashi a gidan mai niƙa, ana tsayar da fiffike bayan ya ɗan gota ƙasa. In biki ne, kafin ya iso ƙasan. Abin da Douwe ke son yi mata ke nan, ba ƙari.

Reinder, shugaban kwamitin, ya zo gaisuwa. Bai shanye kofinsa ba ya shigo da zancen.

"Baba Douwe, ka san 'yan biki za su zo hoto daga birni ranar Asabar. A tsayar musu da fukafukan irin na farin ciki."

"Gawar Aukje ta nan za ta bi fa."

"Na sani. Amma tun bara suka kama ranar. Ka yi mata Lahadi mana."

"Lahadi tana ƙasa, ɗan nan. Ko kai za ka tono ta ta gani?"

"Haba Baba! Kada ka ja a karɓe makullin."

Da safiyar Asabar Douwe ya hau saman injin, ya saki birki, ya bar fiffiken ya gota, ya ɗaure. Ya sa makullin a aljihun kwat, a shirye yake ya miƙa.

Motar gawa ta bi gefen magudanar ruwa a hankali. Ango da amarya na ƙarƙashin fukafukan makoki suna ƙyalƙyala dariya, mai hoto na cewa su ƙara matsowa. Douwe ya bi masu rakiya da ido ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ɗaga kai.

A ƙofar coci Reinder ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Na gode, Baba. Na ga ka sa musu na farin cikin. Ya yi kyau ƙwarai."

Douwe ya buɗe baki zai gyara masa, ya waiga, ya rasa wanda zai kira shaida. Ya zare hannunsa ya bi bayan akwatin gawar.