Tuƙin Kawu a Cikin Talabijin

Jiya ina alwala na ji gurnanin inji daga ɗakin ɗana, irin na motar tsere idan ta sha kwana. Wallahi sai da na ajiye butar. Wasan nan ne dai na tseren motoci, an sake fito da sabo, har da sitiyari da birki a ƙasa. Na farkonsa a unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura muka san shi, shekarar da soja suka koma bariki.

Maƙwabtanmu mutanen Filato ne, maigidan ma'aikacin gwamnati. Ɗansu aka kawo wa na'urar wasan daga Legas. Da an kawo wuta sai mu cika falonsu, ƙamshin miyar mamansu na dukan hancinmu. Motocin kamar an yanko su daga kwali, amma mu a wurinmu duniya ce.

Kawuna direban babbar mota ne. Tun da ya yi haɗari a hanyar Batagarawa yaron motarsa ya rasu, bai sake taɓa sitiyari ba. Mai motar ya ce zai jira shi zuwa kaka, in bai dawo ba ya ba wani. Gidanmu kuwa da motar nan ake ci.

Ran nan Kawu ya shigo falon kirana, sai ya tsaya kallo. Maigidan ya ce, "Malam direba, zauna ka koya wa yaran nan." Ya zauna, ya yi bisimilla, har da addu'ar hawa mota. Ka ga tuƙi! Ana tsere, shi yana bin hannunsa, yana ba na baya hanya. Kullum shi ne na ƙarshe, mu ko dariya har da faɗuwa. Bai fasa zuwa ba, duk bayan la'asar.

Wata rana wata mota ta yanko gabansa a kwana, ya buge ta. Ya saki abin tuƙin, ya ce, "Mi ya samu na cikinta?" Maigidan ya dafa shi, ya nuna masa motar ta miƙe ta ci gaba da gudunta. Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauki abin ya ƙarasa zagayen.

Da aka yi wa maƙwabtan canjin wurin aiki, maigidan ya kafe cewa ba mai kai kayansa Jos sai Kawu. Na ga Kawu ya riƙe ƙofar motar ya jima kafin ya hau. Ni ina kukan na'urar da aka ɗaure a baya, mahaifiyata tana nata kukan da ban gane ba. Daga tafiyar nan Kawu ya koma hanya, har tsufa ya sauke shi.

Yanzu motocin wasan har ruwan sama ke jiƙa su, amma ɗana shi kaɗai ke yi, ƙofa a rufe. Ina kewar falon nan ƙwarai. Kawu ya rasu, maƙwabtan ban san inda rayuwa ta kai su ba. Har yau ina son in san ko da gangan maigidan nan ya yi duk abin da ya yi, kuma ba ni da wanda zan tambaya.